Yadda Ake Zaɓen Kwamfutar Tace Bidiyo a Ƙasa Mai Zafi da Ƙura

Tace bidiyo shi ne a tattara hotuna masu motsi da aka ɗauka da kyamara ko wayar salula, a yanke marasa amfani, a jera sauran bi da bi, a daidaita murya, sannan a sa rubutu. Masu sana'ar fim a Kano suna ce wa wannan aiki "tace hoto". Kada ku rikita shi da aikin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Ita tana duba abin da fim ya ƙunsa ne kafin a sake shi ga jama'a.

An rubuta wannan bayani domin ku, ƴan ƙungiyar manoma, ko ta mata, ko cibiyar karatun manya, a Ɗan Kassari da sauran garuruwan Arewa, da kuka tara kuɗi kuna son sayen kwamfuta don yin gajerun finafinai na wa'azin lafiya, ko noma, ko tarihin gari. Kuɗin gama kai ba shi da sauƙin taruwa sau biyu, saboda haka ya kamata ku san abin da za ku nema tun kafin ku hau mota.

A da, wannan aiki ya fi ƙarfin talaka. Labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta yi yaƙi da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, labarin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari ne. Amma fim ɗin da Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi a kanta a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi, da kayan sinima masu tsada, har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A Kano kuwa, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, zamanin kaset ne: ana kwafa daga wannan na'ura zuwa waccan, kuma duk kwafin da aka ƙara sai hoto ya ƙara dusashewa. Yau tebur ɗaya da kwamfuta ɗaya sun isa, muddin an zaɓe ta da ilimi.

Tambayar farko: wane irin hoto za ku tace?

Hoton bidiyo ɗige-ɗige ne ƙanana. Wanda ake kira 1080 yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato wajen miliyan 2. Wanda ake kira 4K yana da 3840 da 2160, wato ninki huɗu na wancan. Awa ɗaya ta bidiyon waya a 1080 takan ci wajen giga 8 na ma'aji. A 4K takan wuce giga 20. Ku tambayi kanku: a ina za a kalli fim ɗin? Idan a waya ne ta WhatsApp, ko a bangon makaranta da majigi, to 1080 ya isa har ya yi yawa. Wannan shawara kaɗai tana rage kuɗin kwamfuta ƙwarai, domin 4K ne ke tilasta sayen manyan kaya.

Abin da ke cikin akwatin

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira furosesa, ita ce mai lissafi. Kamfanoni biyu ne suka fi yin ta: Intel, mai Core i5 da i7, da AMD, mai Ryzen 5 da 7. A nan ne aka fi cutar mai saye. Mai shago zai ce muku "i7 ce", ku kuma ku ga bakwai ta fi biyar. Ku duba lambar da ke bayan sunan, domin ita ke faɗin zamanin da aka ƙera ta. Misali, i7-3770 ta zamani na 3 ce, ta 2012. Ita kuwa i5-8500 ta zamani na 8 ce, ta 2018, kuma ta fi waccan aiki. A cikin kowace ƙwaƙwalwa akwai sassan aiki da ake kira kor. Ku ɗauke su kamar ƴan gayya a gona ɗaya: ta farko tana da huɗu, ta biyun tana da shida.

Kada ku sayi Intel da ta gaza zamani na 8. Dalili biyu ne. Na ɗaya, wayoyin yanzu da yawa suna ajiye bidiyo da tsarin matsewa mai suna HEVC, wanda tsofaffin ƙwaƙwalwa ke shan wahala wajen buɗewa, hoto ya dinga tsayawa. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ga kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11, a ƙa'idarsa, daga zamani na 8 yake farawa. Kwamfutocin gwanjo masu arha da yawa sun faɗa ƙasa da wannan iyaka, shi ya sa suke arha.

Sai RAM, wato faifan da kwamfuta ke baza aikinta a kai yayin da take yi. Idan faifai ya yi ƙarami, sai a dinga kwashewa ana sake zubawa, lokaci na tafiya. Giga 16 shi ne daidai ga 1080, giga 32 ga 4K. Giga 8 zai yi aiki, amma da haƙuri mai yawa. Ku tambaya ko akwai gurbin ƙari, domin a wasu siraran kwamfutocin hannu an like RAM ɗin da dalma, ba ya ƙaruwa har abada.

Ma'aji iri biyu ne. Tsohon yana da faifai mai juyawa a ciki, yana da arha da faɗi, amma yana da nawa, kuma ba ya jure faɗuwa. Sabon, mai suna SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, kuma ko mafi ƙanƙantarsa ya ninka tsohon sauri sau uku ko fiye. Ku sa manhaja da aikin da kuke kai a SSD mai giga 500 ko fiye. Ku sayi ma'ajin waje mai tera 1 ko 2 (tera ɗaya giga dubu ce) don ajiye abin da aka gama. Hirar da kuka yi da dattijon gari, ku ajiye ta a wuri biyu tun ranar da aka ɗauka, ɗaya a wani ɗaki dabam. Ma'aji yakan mutu ba sallama, dattijon kuma wataƙila ba za a sake samunsa ba.

Katin hoto, irin na Nvidia ko AMD, shi ne abin da matasa suka fi zumuɗi a kai. Ga mai tace 1080 da manhajar kyauta irin Shotcut ko Kdenlive, sashen hoton da ke cikin ƙwaƙwalwar Intel ya wadatar. Wanda zai yi aiki da DaVinci Resolve, shi ne ke bukatar kati na musamman mai giga 4 ko fiye. A ganina, ƙungiyar ƙauye ta fi bukatar makirfo mai kyau da lasifikar kunne, domin mutane suna haƙuri da hoto mara kyau, amma ba sa zama kallon fim ɗin da ba a jin maganarsa. Idan kuma kwamfutar ta gaza, manhajojin nan suna iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi, a tace da shi, sai a ƙarshe su fitar da fim daga hoton asali.

Wuta, zafi da ƙura

Waɗanda suka ƙera kwamfuta ba su yi ta da tunanin bazarar Arewa ba. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ƙwaƙwalwa idan zafinta ya kusa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, aikin awa ɗaya ya koma awa biyu. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Ku ɗora kwamfutar a kan tebur, nesa da ƙasa da bango. Ku rufe ta da zane bayan an kashe ta kawai. Ku busa ƙurar cikinta a kai a kai, kuma ku bar babban aikin fitar da fim sai da dare ko da sassafe.

Wutar lantarki ita ce babbar magana. Yankin Dosso yana shan wutar da ake jawowa daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a Agusta 2023, aka yi watanni kafin a maido ta a 2024. Kwamfutar tebur mai babban katin hoto takan ja wat 300 ko fiye idan tana tsakiyar aiki, yayin da kwamfutar hannu ta yau da kullum cajarta ba ta cika wuce wat 65 ba. Ga mai aiki da hasken rana, wannan bambanci shi ne yawan faifan sola da batir ɗin da zai saya. Haka kuma kwamfutar hannu tana da batir nata, in an ɗauke wuta aiki bai ɓace ba. Saboda haka ita na fi ba ku shawara a ƙauye. Ta tebur ta fi sauƙin gyara da ƙarin kaya, amma kada ku kunna ta sai da akwatin riƙe wuta mai suna UPS, wanda zai ba ku ƴan mintoci ku adana aiki ku kashe. Ku sa kuɗinsa a cikin lissafi tun farko.

Ranar saye

Ko a Yamai za ku saya, ko a Birnin Konni, ko a Titin Beirut na Kano, ku tafi da wanda ya iya karatu da kuma bidiyonku a filashi. A Windows, in an danna Ctrl da Shift da Esc tare, allo zai buɗe inda za a ga ainihin sunan ƙwaƙwalwa da yawan RAM da irin ma'ajin. Ku gaskata wannan allo fiye da takardar da aka manna a jiki. Ku sa bidiyonku ya yi ta aiki rabin awa, ku saurari fanka, ku taɓa ku ji zafi. In ta hannu ce, ku cire caja ku ga daɗewar batir.

Kayan da suka fito daga Najeriya sukan zo da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda ba ya shiga soket ɗinmu mai rami biyu, kuma jerin haruffansu yana farawa da QWERTY, ba AZERTY na Faransanci da aka saba da shi a makarantun Nijar ba. Ku nemi mahaɗin filogi tun a shagon. Kafin ku biya, ku rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikin manhajar tacewa, ku tabbata sun fito a kan hoton yadda suke. Idan ƙananan akwatuna suka fito a madadinsu, siffar haruffan ce ba ta da su, sai a sa muku wata, irin su Andika ko Noto Sans, waɗanda ake samu kyauta.