Hannu Biyu a Zane Ɗaya: Kwale-kwale da Gidaje a Hotunan Ƙarni na 19

Hotunan ƙasar Hausa da maƙwabtanta da suka fi yawo daga zamanin da kyamara ba ta iso ba su ne na littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858: Kano daga kan Dala, kwale-kwale a mahaɗar Binuwai da Faro, inda ya isa a watan Yunin 1851, da jirage a Kabara, mashigin Tumbuktu. Ana yawan ɗaukarsu tamkar shaidar gani da ido, alhali hannu biyu ne suka yi su. Barth ya yi zanen gaggawa a hanya. Johann Martin Bernatz, Bajamushen da ya san Habasha amma bai taɓa taka Kano ba, shi ya ƙawata su a Turai kafin a buga. Saboda haka tsawon kwale-kwale da tsarin unguwa na iya zama na Barth, amma haske da inuwa da tsayuwar mutane na Bernatz ne.

Zaɓen abin zanawa ma ba banza ba. Gwamnatin Ingila, wadda ta ɗauki nauyin tafiyar, hanyar ciniki take nema, kuma rahoton Barth ne ya sa jirgin Pleiad ya hau Binuwai a 1854. Kogin da zai ɗauki jirgi shi ke da daraja a idonta. Ruwan da Bahaushen birni ke kwana kusa da shi kuwa kududdufi ne, ramin da aka haƙi ƙasar ginin gidan da ke bakinsa, ko fadama irin Jakara ta Kano. Mai neman kamannin Ƙofar Wunti lokacin da matafiyi Eduard Vogel ya shigo Bauchi a 1855, ko Gerhard Rohlfs a 1867, sai ya tuna cewa birnin duwatsu ne suka kewaye shi, ba shi kan hanyar jirgi.

Wani zai ce to a yi watsi da hotunan. Wannan ya wuce gona da iri, domin Barth mai lura ne ƙwarai, kuma rubutunsa na nan a gwada da zanen shafi bayan shafi. Inda suka dace, an sami shaida. Inda suka saɓa, rubutun ya fi kusa da wurin. Abin da ya rage sai a kai wa magina da masunta, waɗanda za su gane ko katangar da aka zana za ta jure damina, ko kwale-kwalen zai iya ɗaukar kayan da aka loda masa.