Farfesa Victor Anomah Ngu da Maganin Sankarar Muƙamuƙin Yara

Gabatarwa

Akwai wani nau'in ciwon daji da ya fi kama yara a ƙasashen Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro. Likitoci suna kiransa sankarar Burkitt, da sunan Dakta Denis Burkitt wanda ya yi bayaninsa a Kampala ta ƙasar Uganda a shekarar 1958. Yakan fara ne da kumburi a muƙamuƙi, ko a ido, ko a ciki. Ya fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun fi mata kamuwa. Yana cikin cututtukan daji na farko da aka tabbatar magani kaɗai yana warkarwa ba tare da tiyata ba, kuma an yi wani muhimmin ɓangare na wannan aiki a nan Nijeriya.

Tarihinsa

An haifi Victor Anomah Ngu a ƙasar Kamaru a 1926. Ya yi karatun likita a Ibadan da Landan, sannan ya zama farfesan tiyata a Jami'ar Ibadan. Daga baya ya koma gida ya shugabanci Jami'ar Yawunde, ya kuma riƙe muƙamin ministan lafiya. Ya rasu a 2011.

Maganin da Yadda Yake Aiki

Maganin da bincikensa ya dogara a kai shi ne saikulofosfamid, wanda ake sayarwa da sunan Endoxan. Masana haɗa magunguna a Jamus ne suka samar da shi a ƙarshen shekarun 1950. Ba ya fara aiki sai ya isa hanta, inda ake sarrafa shi ya koma sinadari mai lalata ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. To, sankarar Burkitt ta fi kowace sankara saurin girma, domin ƙwayoyinta suna iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan saurin ne ya sa maganin yake cin ta sosai.

A shekarun 1960, Ngu ya yi wa yara masu wannan ciwo magani da shi a Asibitin Koyarwa na Ibadan, ya kuma bi diddiginsu. An ga kumburi yana sacewa cikin 'yan kwanaki, wasu yaran kuma suka rayu shekaru ba tare da ciwon ya dawo ba. Sakamakonsa ya yi daidai da na likitocin Uganda da Kenya. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker ta ƙasar Amurka tare da Burkitt da wasu masana.

A yau ana haɗa wannan magani da wasu, kamar metotireksat da binkiristin. Shi binkiristin daga wani furen Madagaska aka samo shi, amma sai da aka tace aka auna shi; dafa ganyen a sha guba ne. A ƙasashe masu arziki, fiye da yara 9 cikin 10 suna warkewa. A Afirka adadin ya yi ƙasa ƙwarai, saboda jinkirin zuwa asibiti, da tsadar magani, da yanke jiyya kafin ta kammala.

Abin da ya Shafi Yankinmu

Ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan suna da fadamun rake da tumatir, inda sauro ke yawa. Bincike ya nuna yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro, tare da ƙwayar cutar Epstein-Barr da aka gano a 1964, suna ƙara haɗarin wannan ciwo. Don haka kwanar da yara cikin gidan sauro yana da amfani biyu.

Iyaye su lura da waɗannan alamu:

- Kumburin muƙamuƙi ko fuska mai ƙaruwa kullum, sau da yawa ba tare da zafi ba.
- Haƙora su riƙa girgiɗi ba dalili.
- Ido ya turo waje.
- Kumburin ciki, ko ƙafafu su mutu farat ɗaya.

Hangum yakan sace da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan kuwa ƙaruwa yake yi. Kada a yi masa sakiya ko tsaga, kada kuma a cire haƙori. A kai yaro asibiti mafi kusa a Ikara, Maƙarfi ko Hunkuyi, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake gwajin tabbatar da ciwon. Zubewar gashi da amai suna cikin illolin maganin, kuma suna wucewa. Ko da kumburi ya sace, wajibi ne a kammala allurai yadda likita ya tsara.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin ceto kashi 60 cikin 100 na yara masu ciwon daji kafin 2030, kuma sankarar Burkitt tana cikin nau'o'i 6 da ta fi mayar da hankali a kansu. Ana kira ga hakimai, dagatai, limamai da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani, su kuma taimaka wa iyaye marasa hali da kuɗin mota zuwa Shika.