Mamayar Gajerun Itatuwa a Makiyayar Jornada

Jornada fili ne na kiwo a hamadar Chihuahua, kudancin jihar New Mexico ta Amurka, wanda hukuma ta keɓe a shekarar 1912 domin nazarin al'amarin ciyawa da dabbobi. Ma'auna ƙasa da suka ratsa shi a 1858 sun tarar da ciyawa ta lulluɓe galibinsa, amma tun da aka tara shanu fiye da kima, kana farin shekarun 1950 ya biyo baya, sai gajerun itatuwa suka gaje wurin.

Abin lura shi ne, kowace ƙasa da irin itacen da ta karɓa: Prosopis mai ƙaya, wanda shanu ke yaɗa irinsa cikin kashinsu, ya rinjayi jigawa, alhali Larrea ta fi kama wurare masu tsakuwa. Da zarar ciyawa ta gushe, iska takan kwashe rairayi da taki ta jibge su a gindin itacen har su zama tudu, tsakanin itatuwan kuwa ya koma faƙo, shi ya sa ko an janye shanu da wuya ciyawar ta komo.