Yadda ake haɗa kek na lemo da kwakwa a gida

A garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin jihar Jigawa, kek ya samu gurbi a cikin kayan biki da na sallah, tare da alkaki da dubulan da nakiya. Sai dai akasarin gidaje ba su da na'urar gashi ta zamani, ga kuma tsadar fulawa da ƙwai, saboda haka duk kwaɓin da ya lalace asara ce ga uwargida.

Abu biyu ne ke raba kek mai kyau da wanda ya ƙi: daidaita awo, da kuma sarrafa wuta.

Kayan haɗi

Kwakwa ba ta yi a wannan yanki. Daga kudancin Najeriya ake kawo ta, inda Badagry a jihar Legas ta yi suna wajen noman ta. Lemon zaƙi kuwa, jihar Binuwai na daga cikin manyan masu samar da shi.

Idan aka yi awo da gwangwanin madara, ana bukatar fulawa gwangwani 2, sukari 1, gogaggiyar kwakwa 1, ƙwai 3, bota kimanin giram 150, da bekin foda ƙaramin cokali 2. Sai lemon zaƙi 1 da rabin lemon tsami.

Ƙamshin lemo a ɓawonsa yake, domin a nan mai yake taruwa. Don haka ake wanke shi a kankare saman ɓawon kawai. Farin da ke ƙarƙashinsa ɗaci gare shi.

Kwaɓi

Za a buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi. Iskar da ke shiga a lokacin ita ce ke sa kek ya yi sakayau.

Daga nan a riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana juyawa, sannan a zuba fulawar da aka tankaɗe tare da bekin foda, a bi da kwakwa da ɓawon lemo.

Ruwan lemo kada ya wuce babban cokali 3, kuma a ƙarshe ake zuba shi. Tsaminsa na motsa bekin foda, sinadarin da Alfred Bird ya ƙirƙiro a Ingila a 1843, ya fara fitar da iska nan take. Saboda haka ba a barin kwaɓi ya jira wuta. Wuta ce ke jiran kwaɓi.

Gashi ba tare da na'ura ba

A zuba tsaftataccen yashi a gindin babbar tukunya, a rufe, a ɗora a kan gawayi na kimanin minti 10. A shafa bota a gwangwanaye, a zuba kwaɓin zuwa kashi 2 cikin 3, a jera su a kan yashin, sannan a ɗora ɗan garwashi a kan murfi domin saman ya gasu.

Wuta mai ƙarfi kan ƙona gindi ta bar tsakiya ɗanye. Buɗe murfi da wuri kuma kan sa kek ya lotsa.

Ƙananan gwangwanaye na gasuwa cikin minti 20 zuwa 25, babba kuwa 35 zuwa 45. Mai na'ura sai ta saita ta a kan digiri 180 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka soka tsinke ya fito babu danshi, kek ya nuna.

Ajiya

Ɗanyar kwakwa na da ruwa da mai, don haka wannan kek ba ya jure ajiya, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke tsananta. Gara a cinye shi cikin kwana 2. Mai yi don sayarwa ko don biki, sai ta ɗan soya kwakwar sama-sama babu mai har ta bushe kafin ta zuba, kuma ta bar kek ya huce sarai kafin ta ƙulla shi a leda.