Saƙon da Aka Goge: Batsari, Safana da Watannin da Babu Sabis

A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara. Batsari da Safana, waɗanda ke gefen dajin Rugu, suna cikin jerin. Manufar gwamnatin Aminu Bello Masari ita ce ta raba ƴan bindiga da masu kai musu rahoto. An yi ta muhawara kan ko matakin ya biya buƙata, amma akwai wata hasara da ba a cika lissafawa ba: saƙonnin da suka salwanta a watannin, da abin da hakan ya fallasa game da inda hirarrakinmu suke zaune.

A ƙa'idar WhatsApp, kamfanin ba ya riƙe saƙon da ya riga ya isa wayar mai shi. Wanda bai isa ba kuwa, yakan jira kwana 30, daga nan a share shi. Ke nan duk wanda ya aika wa ɗan'uwansa a Safana saƙon murya a tsakiyar Satumba, idan ɗan'uwan bai fita zuwa inda ake samun sabis ba, kafin ƙarshen Oktoba saƙon ya bi ruwa ba tare da kowa ya goge shi ba. Shi ya sa tafiya Katsina don a kunna waya ta zama hidima mai zaman kanta.

Saƙon da mutum ya goge da hannunsa labarinsa daban ne, kuma a nan tarihin manhajar yake da amfani. A 2015 aka ba masu Android damar ajiye kwafin hirarrakinsu a Google Drive. A Afrilun 2016 aka kulle dukkan saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karanta su. A 2017 aka kawo damar goge saƙo daga wayoyin ɓangarorin biyu. Idan aka haɗa ukun, sakamakon guda ne: babu wata taska a Amurka da za a rubuta wa takarda a ce a dawo da hirar da aka goge. Abin da kawai ke dawowa shi ne abin da ke cikin kwafin da aka ɗauka kafin gogewar.

Kwafin nan iri biyu ne. Na Google Drive yana buƙatar intanet, don haka a Batsari ya tsaya cak ranar da aka kashe sabis. Na biyun a cikin wayar yake: a wancan lokacin manhajar kan ɗauke shi da ƙarfe biyu na dare, ta riƙe na kwana bakwai, sabo yana ture tsoho. Amma sai wayar tana kunne, ga shi a daidai lokacin an hana sana'ar cajin waya a wasu ƙananan hukumomin jihar. Ko da kwafin yana nan ma, ba a buɗe shi sai an cire manhajar, an sake saka ta, an tabbatar da lambar waya da lambobi shida da ake turowa ta saƙon tes. Babu sabis, babu lambobin. Mutum yana riƙe da akwatinsa, mabuɗin yana hannun layin da aka kashe.

Wani zai ce hira ce kawai. A yankin da cinikin hatsi da na dabbobi ke gudana bisa amana, saƙon murya shi ne rasit, shi ne shaidar bashi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotunan Nijeriya damar karɓar bayanan na'ura a matsayin hujja idan an cika sharuɗɗa. Ga iyalin da aka ɗauke musu mutum kuma, wani lokaci wannan muryar ce ta ƙarshe da ta rage musu.

Wannan ƙishirwa ce ta buɗe kasuwar masu alkawarin dawo da komai. Yawancin manhajojin da ke iƙirarin nuna saƙon da aka goge ba tono suke yi ba; sanarwar da ke faɗowa a saman allo suke kwafewa, tun daga ranar da aka saka su. Abin da ya ɓace kafin nan ba su san da shi ba, amma an riga an ba su izinin karanta duk abin da ke shigowa, har da lambobin sirri na banki. Jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp, waɗanda matasanmu ke yayi, suna iya jawo a rufe wa mutum asusunsa. Mafi muni shi ne wanda zai kira ya ce a karanto masa lambobi shidan nan don ya taimaka: wanda ya karɓe su ya karɓe asusun, daga nan sai ya fara roƙon kuɗi da sunan mai shi. A ganina, miƙa wa mai gyara waya a buɗe a tafi a dawo ma ganganci ne, musamman a garin da zargin kai rahoto ke iya cin rai.

Hanyar da ba ta da haɗari gajera ce. Kafin a taɓa komai, a duba ranar kwafin ƙarshe a saitin hirarraki. Idan ya girmi gogewar, a hana manhajar ɗaukar sabo, domin sabon zai danne shi. Sannan a cire ta, a sake saka ta da lambar nan da asusun Google ɗin nan, a amince da dawo da kwafin. Saƙonnin da suka shigo bayan ranar kwafin za su tafi, don haka a fara tura muhimmansu wani wuri. Idan kuwa kwafin ya zo bayan gogewar, sai a roƙi wanda aka yi hirar da shi ya sake turowa, in har nasa yana nan.

A Oktoban 2021, Batsari da Safana suna cikin duhun sadarwa, WhatsApp ya fito da damar kulle kwafin Google Drive da kalmar sirri ko mabuɗi mai haruffa da lambobi 64. Wanda ya manta nasa, kamfanin da kansa ba zai iya buɗe masa ba. A Disamban 2022 aka ƙara maɓallin janye gogewa ga wanda ya goge saƙo daga wayarsa bisa kuskure. Daƙiƙa biyar yake bayarwa.