RUWA YA TSUGE: A CI GABA KO A KOMA GIDA?

A nan ƙasar Hausa sai an kawar da amfanin gona ake kaɗa gangar farauta, domin damina ta manomi ce. To, amma akwai ƙasar da maharbi ba shi da wannan gata, ita ce Sikotlan, can arewacin Birtaniya. A wasu duwatsun yammacinta ruwan da kan sauka a shekara yakan haura milimita 3,000, ga hazo, ga iska mai ratsa ƙashi. A nan ake farautar wata irin barewa mai jan gashi, wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa. Farautar ta sanɗa ce: a hango dabba daga nesa, a zagayo ta inda iska ba za ta kai mata ƙanshin mutum ba, a yi ta jan ciki cikin taɓo har a matso kusa. Saboda haka tambayar da ta daɗe tana bin maharban ƙasar ita ce, idan ruwa ya tsuge, a ci gaba ko a koma gida? Mai karatu zai ga cewa amsar ta sha sauya hannu.

Da farko dai bindiga ce ke yanke hukunci. Bindigar wancan zamani mai ƙanƙara ce, sai ƙyastu ya ba da wuta sannan albarushi ya kama, da zarar kuwa ya sha laima ta zama sanda. A 1807 wani limamin coci mai suna Alexander Forsyth, wanda shi ma maharbin tsuntsaye ne, ya yi rajistar dabarar tayar da bindiga ta hanyar dukan wani sinadari, ba tare da ƙanƙara ba. A 1823 kuma Charles Macintosh na birnin Glasgow ya fito da yadi mai roba a tsakiya wanda ruwa ba ya ratsawa. Daga nan ruwa ya fara rasa ikonsa a kan maharbi.

Sai hukunci ya koma hannun masu kuɗi, kuma alƙalami ne ya share musu hanya. A 1838 William Scrope ya wallafa littafinsa The Art of Deer-Stalking, wanda ya ƙawata wa attajiran Ingila wahalar hawan dutse. Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert suka kama hayar gandun Balmoral a 1848, suka saye shi a 1852. Abin da sarki ya yi kuwa shi fadawa kan yi. Attajiri ya biya haya mai tsada, ya zo na 'yan makonni, ina zai yarda yayyafi ya cinye masa kwana guda? Jurewa ruwa ta zama alamar mazantaka. Amma shi idan ya dawo akwai wuta da ruwan zafi suna jiransa. Barorin da suka ɗauki bindiga, suka jawo gawar barewa zuwa inda doki yake, su ba a tambayar ra'ayinsu.

Wannan sha'awa ta ci ƙasa. Zuwa 1912 filin da aka keɓe wa barewa ya haura eka miliyan 3 da rabi, mafi yawansa wuraren da a baya aka tashi talakawa don a yi kiwon tumaki. A tsibirin Lewis akwai wani yanki, Pairc, da aka ba wani attajiri Bature ɗan Ingila haya, alhali mutanen ƙauyukan gefe suna roƙon a ba su wurin noma. A watan Nuwamba na 1887, lokacin sanyi da ruwa, wani malamin makaranta, Donald Macrae, ya jagorance su suka kutsa cikin gandun, suka harbe barewa masu yawa, suka gasa nama suka kwana a can. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. An gurfanar da mutum shida a Edinburgh a watan Janairu na 1888, kotu ta sallame su. Su kam ba su tsaya duban sama ba kafin su fita.

A yau hukuncin ya koma wurin wanda ya kamata tun farko, wato ƙwararren maharbin da ke kula da gandu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. An daɗe da ƙarar da kyarketai a ƙasar, barewa ta yi yawa har tana hana itatuwa tsirowa, don haka rage ta ya zama aiki. Ana harbin mata daga 21 ga Oktoba zuwa 15 ga Fabrairu, tsakiyar hunturu ke nan. A 2023 kuma aka ɗage ƙayyade lokaci a kan maza. Wanda ya ce sai sama ta washe, ba zai cika aikinsa ba.

Shi wannan maharbi bai damu da jiƙewa ba. Yayyafi ma taimakonsa yake yi, yana tausasa ciyawa, yana ɓoye motsin ƙafa. Abubuwa uku ne kan mayar da shi gida. Idan hazo ya rufe, bai ga abin da ke bayan dabba ba, bai san inda harsashi zai tsaya ba. Idan ruwa ya yi ƙarfi, zai wanke jinin barewar da aka raunata, sawu ya ɓace, ta je ta mutu da azaba. Idan kuma rafuka suka cika, hanyar da aka bi da safe ba ta biyuwa da yamma.

Ke nan shekaru kusan 200 aka ɗauka kafin tambayar ta tashi daga "bindiga za ta tashi?" da "me za a ce da ni?" ta koma "in na harba, zan iya ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya?" Duk ranar da amsa ta zama a'a, sai ya zare harsashi, ya gangara gida, ko da baƙon da ya biya kuɗi yana ta gunaguni a bayansa.