Malaman Aikin Jarida Sun Iso Kano, Yaushe Za Su Iso Bakin Iyaka?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Ranar da na dawo gida Kurgu bayan na gama jami'a, Kawu ya kira ni gindin bishiya ya ce, "Yaro, mi kac ce ka karanto can?" Na ce, "Aikin jarida, Kawu." Ya yi dariya ya ce, "To ai nan ba mu da jarida." Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Tun ranar nake tambayar kaina: me malamanmu suke koyarwa, me suke bincike a kai, kuma wa ya zaɓa musu shi? Wannan tarihin nake so mu bi yau.

Abu na farko, sana'ar ta girmi ajin. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta, kuma babu jami'ar da ta ba shi digirin jarida. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Waɗanda suka riƙe waɗannan wurare a bakin aiki suka koya.

Ajin kuwa daga Kudu ya faro. A 1961 Jami'ar Nsukka ta buɗe kwalejin koyar da aikin jarida mai sunan Jackson. Ba abin mamaki ba ne, tunda Nnamdi Azikiwe da ya kafa jami'ar ɗan jarida ne, shi ne mai West African Pilot, kuma a Amurka ya yi karatu. Jami'ar Legas ta biyo baya a 1966. Tsarin na Amurka ne, littattafan ma haka: yadda ake rubuta labari da Turanci, yadda ake tsara shafin farko, yadda ake hira da minista. Da karatun ya iso Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano na cikin na farko, sannan Maiduguri da Zariya, da wannan kayan ya iso. Ka duba fa: ana horar da ɗalibi ya rubuta wa mai karanta jaridar Turanci, alhali mahaifinsa na can da rediyo manne a kunne.

Abin da ya fara girgiza wannan tsari, ba daga cikin aji ya fito ba. Daga kasuwa ya fito. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kafin a ankara kaset ɗin bidiyo ya shiga kowane gida, ga kuma littattafan soyayya a hannun 'yan mata. Masu boko da yawa kallon raini suka yi wa abin, wai sharar kasuwa ce. Mutumin da ya fi kowa dagewa cewa wannan abin nazari ne, ba ma daga sashen jarida ya fito ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu, farfesan koyar da ilimin kimiyya ne tun 1997. Ya zauna ya bi diddigin yadda finafinan Indiya suka shiga waƙa da rawa da labarin finafinan Hausa, da yadda malamai da hukuma suka mayar da martani, musamman bayan an kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001. A 2003 shi da abokan aikinsa suka haɗa babban taro a Kano kan finafinan Hausa, aka zaunar da masu shirya fim da malaman jami'a a zaure ɗaya, daga baya aka buga takardun a littafi. A 2012 ya sake zama farfesa karo na biyu, wannan karon a fannin sadarwa da al'adu. Ni dai a ganina nan ne karatun ya fara kallon mutanen da yake zaune a cikinsu. Yau ɗalibi zai rubuta kundin digiri a kan Kannywood ba wanda zai ɗaga gira. A da, sai ya sha faɗa.

Sauyi na biyu wahala ce ta kawo shi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa allurar na hana haihuwa, ba a dawo ba sai a 2004, cutar kuma ta tsallaka ƙasashe da dama. Magani yana nan, amma ba a yarda da mai kawo saƙon ba. Sai ga rikicin Boko Haram. Malamai irin su Farfesa Umaru Pate, wanda ya daɗe a Jami'ar Maiduguri kafin ya koma Bayero, suka mayar da hankali kan yadda ake ba da rahoton rikici da yadda ɗan jarida zai tsira da ransa. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba tsohon kwas ɗin gida bakwai: jarida, rediyo da talabijin, fim, talla, hulɗa da jama'a, sadarwar raya ƙasa, da nazarin bayanai.

To, madalla. Amma mu dawo gida.

A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mu nan ƙasar Bagudo, daga Tsamiya har Lolo, wannan magana ce ta tuwon dare. Ta ina labarin ya iso mana? Ba ta jarida ba. Direba ne ya faɗa a tasha, ɗan kabu-kabu ya kai ƙauye, wani ya turo murya a WhatsApp, mai shela ya zagaya. Labari ɗaya sai ya bi ta Hausa, ya shiga Dandanci, ya fita ta Fulatanci, ya tsallaka Segbana ya dawo da Faransanci a jikinsa. Kowane tsallake sai ya ƙara kitse ko ya rame. Sau nawa aka ce "gobe za a buɗe", mutum ya ci bashi ya sayi kaya, gobe ta zo ba a buɗe ba? Na san gidan da wannan ya karya.

A kan haka na so in rubuta kundin digirina. Na kai wa malamin da ke duba aikina, a jami'ar da ba zan kama sunanta ba. Ya karanta, ya ce, "Ina za ka samo littattafan da za ka kafa hujja da su?" Ya ce in ɗauki jaridu biyu na Turanci in ƙirga sau nawa suka yi labarin rufe iyaka cikin wata shida. Na ƙirga, na ci jarrabawa. A duk abin da na ƙirga, ban tuna na ga sunan garinmu ba.

Ban riƙe shi a zuciya ba, wallahi. Malami na neman ƙarin girma, ƙarin girma na bukatar takardu, jarida kuma tana nan a laburare kyauta. Zuwa Bagudo kuɗin mota ne, da kwana, da tafinta, ga fargabar hanya. Amma hujjar da ya kawo, wai babu littattafai, ita ce aka riƙa kawowa a kan finafinan Hausa kafin wasu su zauna su rubuta littattafan. Fim ya ci sa'a, a Kano aka haife shi, kusa da ƙofar jami'a. Mu tsakaninmu da Birnin Kebbi ma tafiya ce.

Ga abin da nake roƙo. 'Yan'uwa ɗalibai daga Bagudo, Kamba, Kangiwa, Illela, Jibiya, Maigatari, in lokacin zaɓen batun kundi ya zo, ku kai na garinku. In malam ya ce babu littafi, ku ce, "Malam, a ba ni dama in yi hira da mutum talatin." Wasu malaman za su yarda, na ga waɗanda aka yardar wa. Yanzu ma akwai kwas guda mai suna sadarwar raya ƙasa, ku kafa hujja da shi.

Ni kuma na fara nawa da wayar hannu. Na zauna da direbobi huɗu da wani dattijo mai shela, kuma shi ya ce mini tun da waya ta zo aikinsa bai ragu ba, don mutane sai sun ji daga bakinsa suke yarda abin daga wurin hakimi ya fito. Hirarsa ce shirin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Kawu ya ce shi ma a saka shi, wai yana da gyara a kan abin da direbobin suka faɗa.